Yaron da Ba Ya Zama Wuri Guda: Lalurar Ƙarancin Natsuwa a Mahangar Musulunci

(Taken shiri)

  Muna gaida mutanen Ƙauran Namoda da Kurya da Kasuwar Daji, muna gaida na Shinkafi da Jangeru da Badarawa, muna gaida na Zurmi da Moriki da Dauran, da duk inda muryarmu ta kai. Ga mu a cikin shirinmu na faɗakarwa kan lafiya da tarbiyyar iyali.

Yau maganarmu a kan wani yaro ce da kowace unguwa ta san irinsa. Shi ne wanda ake cewa kansa na rawa. Ba ya zama wuri guda, ba ya jira a gama tambaya kafin ya ba da amsa, in an aike shi tun bai bar zaure ba ya manta saƙon. A gida sunansa mai kunnen ƙashi, a makaranta daƙiƙi, a unguwa kuwa wasu su ce iska ce ta shafe shi, wasu su ce baki ne. Ya sha bulala har ya saba da ita, halin bai canza ba. Za mu kuma taɓo babban da wannan yaro yake zama in ya girma: magidancin da kullum yake ɓatar da makulli, ya yi alkawari ya manta, ya tsaya salla ya kasa sanin raka'a nawa ya yi.

Abu biyu za mu duba. Me likitoci suka gano game da irin waɗannan bayin Allah? Kuma me addininmu ya tanadar musu, ya kuma ɗora mana a kansu?

Mece ce wannan lalura?

Likitoci suna kiranta ADHD. Lalura ce ta ƙarancin natsuwa da yawan ƙiriniya, kuma tushenta yana cikin yadda ƙwaƙwalwa take girma. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1798 wani likita ɗan Sikotland, Alexander Crichton, ya yi rubutu kan mutanen da ba sa iya tsayar da hankalinsu kan abu ɗaya. A 1902 likitan yara George Still ya gabatar da laccoci a birnin Landan kan yaran da basirarsu kalau take amma ba sa iya kame kansu. A yau Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa lalurar cikin kundinta na cututtuka. Binciken da aka tattara daga ƙasashe da dama ya nuna kusan yara 5 cikin 100 suna da ita, a cikin manya kuma kusan 2 zuwa 3 cikin 100. Ke nan a ajin da ke da yara 60, ba abin mamaki ba ne a sami uku.

Alamunta gida biyu ne. Gida na farko shi ne rashin tsayuwar hankali: yawan mantuwa, ɓatar da kaya, fara aiki a bar shi rabi, a yi wa mutum magana kamar ba ya wurin. Gida na biyu shi ne yawan motsi da gaggawa: mutsu-mutsu, hawa da sauka, surutu ba ƙaƙƙautawa, katse wa manya magana, tsallaka titi ba dubawa. Wani yana da gida ɗaya, wani ya haɗa biyun.

Ga misali daga makarantar allo. An idar da sallar asuba, yara sun zauna kowa da allonsa a cinya. Wannan yaron ya fara biya karatunsa da ƙarfi, layi ɗaya, layi biyu. Sai ƙadangare ya gitta ta gindin katanga, idonsa ya bi shi. Ya dawo ya rasa inda ya tsaya. Ya ɗauki alƙalami yana kankare gefen allo, ya zunguri na kusa da shi, gwiwarsa ta ture tawada. Gardi ya ɗaga dorina. Abin da gardin bai sani ba shi ne yaron nan ya so ya biya karatun, kuma da za a zaunar da shi shi kaɗai a karanta masa ayar sau uku, mai yiwuwa ya riga kowa riƙe ta.

'Yan mata kuwa sau da yawa ba a gane tasu, domin ba su cika ƙiriniya ba. Ita ce yarinyar da ake aika ta sayo gishiri da daddawa ta dawo da ashana, ko a bar mata tukunya a wuta ta yi tagumi har tuwo ya kama. Sai a ce mata shashasha, a wuce wurin.

Me ke faruwa a cikin kansu? Ku ɗauki wanda ya tsaya tsakiyar kasuwar Shinkafi ranar kasuwa yana son ya yi lissafin kuɗi, ga dillali na kira, ga ƙahon babur, ga kukan awaki, ga wani na jan rigarsa. Yawancinmu Allah Ya hore wa ƙwaƙwalwarmu ta rage ƙarar abin da ba mu buƙata, ta bar mana wanda muke so. Shi mai wannan lalura komai da ƙarfi ɗaya yake shigo masa, ko da a cikin ɗaki yake. Sashen gaba na ƙwaƙwalwa, wanda ke tsara aiki ya kuma ce wa mutum dakata, shi ne yake jinkirin nuna. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007, bayan ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar ɗaruruwan yara, ya gano jinkirin yakan kai kimanin shekara uku. Don haka ɗan shekara goma zai iya kame kansa ne kamar ɗan shekara bakwai, alhali wayonsa na ɗan goma ne ko fiye.

Wani uba zai ce: to ai yakan zauna awa biyu yana kwance tsohuwar rediyo ko yana kallon ƙwallo, ina rashin natsuwar? Wannan ma yana cikin alamun. Abin da ya ja ransa yakan riƙe shi har ya manta da abinci. Abin da ya gagare shi shi ne ya juya hankalinsa da kansa zuwa aikin da ba ya burge shi.

Babban dalilin lalurar gado ne. Binciken da aka yi kan tagwaye ya nuna gado ne ke ɗauke da fiye da kashi 70 cikin 100 na lamarin. Shi ya sa in an bincika sai a ga akwai baffa ko kawu ko kaka mai irin halin. Haihuwar bakwaini da haihuwar jariri ƙarami ƙwarai suna ƙara yiwuwarta. Rashin tarbiyya ba ya haifar da ita, shan zaƙi ma ba ya haifar da ita. Wayar hannu ba ita ce tushe ba, amma tana ƙara dagula wanda yake da ita, musamman in tana hana shi barci.

Ba kowane mai ƙiriniya ba

A nan sai mu yi hattara, jama'a. Ƙiriniya ɗabi'ar yaro ce, yaron da ba ya motsi ma shi ne abin a duba. Kafin likita ya ce lalura ce, sai alamun sun bayyana tun kafin shekara 12, sun ɗauki aƙalla wata shida, ana ganinsu a wuri fiye da ɗaya, kamar gida da makaranta, kuma suna cutar da karatun yaron ko zamansa da mutane. Babu gwajin jini da ke nuna ta. Tambayoyi ne masu zurfi da ƙwararre zai yi wa iyaye da malamai da shi kansa yaron.

Kuma a wannan yanki namu akwai abubuwa uku da ke iya sa yaro ya yi kama da mai wannan lalura alhali wani abu ne daban ke damunsa.

Na farko tsoro. Yaron da ya kwana a daji saboda harin 'yan bindiga, ko aka taso su daga ƙauyensu suka dawo gidan dangi a Zurmi ko Shinkafi ko Ƙaura, ba abin mamaki ba ne ya riƙa firgita, ya kasa barci, ya kasa sauraron malami. Alamar da za ta taimake ku ita ce lokaci: in da can yaro ne natsattse sai bayan tashin hankali ya canza, to a fara duba firgicin.

Na biyu yunwa da rashin lafiya. A tantancewar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi tare da ma'aikatar lafiya a Shinkafi da Zurmi a 2024, an sami kusan yaro ɗaya cikin huɗu na 'yan ƙasa da shekara biyar yana fama da tamowa. Cikin da babu abinci ba ya riƙe karatu. Haka ƙarancin jini, da kunnen da ke ruwa har ji ya ragu, da raunin gani, da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa hawa ƙwaƙwalwa, da wata irin farfaɗiya da ba ta kayar da yaro, sai dai ya yi shiru ido buɗe na 'yan daƙiƙoƙi ya dawo.

Na uku gubar dalma. Zamfarawa ba mu manta 2010 ba, lokacin da aka gano gubar dalma a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya har Bagega, sanadin daka da niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara fiye da 400 suka rasu. Dalmar da ba ta kai ta kashe yaro ba tana iya taɓa ƙwaƙwalwarsa ta bar shi da rashin natsuwa da raunin fahimta. Duk mai zuwa haƙar zinare ya bar kayan aikinsa da tufafinsa nesa da yara, ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa. Iyaye mata kuma ku sani an sha gwada kwallin kasuwa a same shi cike da dalma, don haka a yi hattara da rambaɗa wa jarirai.

(Ɗan gajeren hutu)

Alƙalami yana kansa, amma an yi masa sauƙi

Barkanmu da dawowa. Yanzu sai ɓangaren addini, kuma bari mu fara da abin da ya kamata ya zauna daram. Mai wannan lalura ba mahaukaci ba ne. Hankalinsa cikakke ne, in ya balaga salla da azumi da riƙon amana duk suna kansa kamar kowa. Kada wani ya ji shirin nan ya ce ya sami lasisin cin bashi ko wulaƙanta iyali. Sai dai ayar ƙarshe ta Suratul Baƙara ta koya mana cewa nauyin da Allah ke ɗora wa bawa gwargwadon ikonsa ne, kuma a cikin ayar aka koya mana roƙon kada a kama mu da laifin mantuwa da kuskure. Akwai bambanci tsakanin wanda ya ƙi da wanda ya so ya kasa. Mu mutane mukan haɗa su mu yi musu hukunci ɗaya. Shari'a ba ta haɗa su ba.

Ku duba salla. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa sallamewa bayan raka'a biyu a sallar rana mai raka'a huɗu, har wani sahabi da ake yi wa laƙabi da Zul Yadaini ya tambaye shi ko an rage salla ne. Da ya tabbatar, sai ya cika abin da ya saura ya yi sujada biyu. Daga irin wannan ne muka sami ƙabli da ba'adi. Wato Allah Ya san bayinsa za su rafkana, tun farko Ya ajiye musu hanyar gyara.

Littattafan da muke karantawa a zaurukan malamanmu ma sun wuce nan. Duk wanda ya yi Ahalari ya san hukuncin mai kokwanto: in ka rasa uku ka yi ko huɗu, ka ɗauka uku ne, ka ƙaro ɗaya, ka yi ba'adi. Amma littafin ya ware wanda kokwanto ya zame masa jiki, yana zo masa kullum. Shi an ce ya watsar da kokwanton, kada ya ƙaro komai, ya yi ba'adi kurum. Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 996 Miladiyya, ta kawo wannan, ta kuma ƙara wani: wanda rafkanuwa ta yi masa yawa, yana tabbatar da ya manta ba kokwanto yake ba, to ya gyara sallarsa, an ɗauke masa sujadar. Waɗannan malamai ba su san sunan da likitocin yau suka ba lalurar ba, amma sun san akwai bayin Allah da hankalinsu ke yawan kuɓucewa, kuma ba su ce musu munafukai ba. Sauƙi suka nema musu. Saboda haka ɗan'uwa, in kana cikin masu maimaita salla sau uku sau huɗu har ta fara zame maka nauyi, je ka zauna gaban malamin fiƙihu ka faɗa masa halinka dalla-dalla, ya gaya maka wane hukunci ne naka.

Akwai kuma dabaru daga sunna. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya taɓa salla da wani mayafi mai zane, da ya idar sai ya ce a mayar wa Abu Jahm, a karɓo masa marar ado, domin zanen ya ɗauke masa hankali. In Fiyayyen Halitta ya kawar da abin da ke jan ido, ina ga ni da kai? Nemi darduma marar tarkacen zane, kashe waya, kada ka tsaya salla kana jin matsuwa ko ga abinci an ajiye kana jin yunwa. Ka lazimci jam'i, domin bin liman yana ɗauke maka ƙidayar raka'a, kuma liman yana ɗauke wa mamu rafkanuwarsa in ba farilla ya bari ba. Limamai kuma, Allah gafarta malam, ku tuna yadda Annabi ya ja kunnen Mu'azu ɗan Jabal kan tsawaita karatu. A bayanku akwai tsoho da majinyaci, akwai kuma wanda tsayuwar minti goma yaƙi ce a wurinsa.

Yadda Annabi ya yi da yara

Muslim ya ruwaito daga Anas ɗan Malik, wanda ya yi wa Annabi hidima shekara goma tun yana yaro, cewa wata rana an aike shi, sai ya bi ta wajen wasu yara suna wasa a kasuwa ya tsaya. Can sai ya ji an kama ƙeyarsa ta baya. Ya waiwaya, sai ga Annabi yana dariya, ya kira shi da sunan lallashi, ya tambaye shi ko ya je inda aka aike shi. Anas ya ce yanzu zai tafi. Shi ke nan. Ba mu ce Anas yana da wata lalura ba, yaro ne ya yi abin yara. Abin lura shi ne yadda aka yi da shi: an je inda yake, an taɓa shi, an tuna masa, an bar shi da mutuncinsa. Anas ɗin nan kuwa ya zama ɗaya daga cikin sahabban da suka fi kowa ruwaito hadisi, kuma shi ya shaida cewa a shekara goman nan ba a taɓa yi masa tsaki ba.

Shi dai Anas ya ba da labarin cewa Annabi yakan maimaita magana sau uku don a fahimta. Abdullahi ɗan Mas'ud kuma ya ce Annabi yakan tsallaka musu kwanaki wajen wa'azi don gudun kada su ƙosa. Annabi ya kuma yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya tashi ya ɗauke ta. Gajarta darasi, maimaitawa, haƙuri da motsin yaro: abin da masana ke koya wa iyaye a yau ke nan.

Na san wani zai ce, to ina hadisin da ya yi maganar duka kan salla a shekara goma? Yana nan, Abu Dawuda ya ruwaito shi. Amma a duba, tsakanin umarni da salla a shekara bakwai da shekara goma akwai shekara uku cur na koyarwa da tunatarwa, sau biyar kullum. Sannan malaman Malikiyya sun sa sharaɗi: kada ya raunata, kada ya taɓa fuska, kuma sai in ana zaton zai yi amfani. Yaron da aka shekara biyar ana duka bai canza ba, ai hujja ta tsaya cewa dukan ba ya amfani. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi guda a Muƙaddima yana bayanin cewa tsananta wa ɗalibi tana kashe masa kuzari, ta koya masa ƙarya da munafunci don tsoron hannu. Imam Gazali ma a Ihya'u ya ce a bar yaro ya yi wasa bayan makaranta, in ba haka ba zuciyarsa za ta mutu ya tsani karatu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma wanda ya tanƙwara da ƙarfin tsiya karya shi zai yi.

Iyaye mata, ku kiyayi baki. Muslim ya ruwaito hani ga mutum ya yi wa kansa ko 'ya'yansa mummunar addu'a, don kada ta dace da sa'ar karɓa. Kalmomin nan na cikin fushi, ɗan banza, ba za ka yi albarka ba, yaron nan yakan ji su sau da yawa a yini fiye da sauran 'yan'uwansa, har ya yarda haka yake. Suratul Hujurati kuma ta hana jifan juna da miyagun laƙabi, ba ta ce ban da yara ba.

Mun ga ƙarshen wannan hanya ta duka da zagi. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, wasu da sarƙa a ƙafa. Wata guda bayan haka aka sami irinsa a Daura. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da niyyar gyara. Sarƙa ba ta gyara ƙwaƙwalwa. Kuma bincike ya nuna matashin da ke da wannan lalura, in ba a kula da shi ba, ya fi sauran shiga haɗarin shaye-shaye da haɗarin abin hawa. Yaron da gida ya kore shi, makaranta ta kore shi, masu tiramol da sholisho ne ke karɓarsa hannu biyu.

Addu'a da asibiti

Shin a yi ruƙiyya ko a je asibiti? A yi addu'a, a kuma je asibiti, babu karo tsakaninsu. Annabi ya yi umarni da neman magani, ya kuma sanar da mu cewa cuta ba ta sauka ba tare da maganinta ba. Malaman Musulunci na farko sun yi rubutu kan lafiyar zuciya da tunani, irin su Abu Zaid Albalkhi da ya rasu a 934. A ƙasarmu ma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya wallafa littattafai kan likitanci. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne mai cewa aljani ne a jikin yaro sai an dake shi ko an turara masa barkono zai fita. Wannan zalunci ne, ko da wane suna aka kira shi.

A fara da babban asibitin da ke kusa, na Ƙauran Namoda ko Shinkafi ko Zurmi, a duba jini da ji da gani da abincin yaro. In akwai buƙatar ƙwararre, ana iya tura ku Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Mun san halin hanya, mun san halin aljihu, mun kuma san likitocin ƙwaƙwalwa a faɗin Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kacal. Shi ya sa muke kira ga gwamnati ta aiwatar da dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, a horar da ma'aikatan asibitocin karkara da malaman firamare su iya gane irin waɗannan yara.

Akwai magunguna da ke taimakawa ƙwarai, fitacce cikinsu shi ne wanda aka fi sani da Ritalin. Ba ya warkar da lalurar, yana dai taimaka wa mutum ya natsu na wasu awoyi. Yakan rage cin abinci, yakan hana barci in an sha da yamma, kuma magani ne da doka ta tsare, sai da takardar ƙwararren likita. Kada a saya a kemis da ka, kada a karɓi na wani. Ga ƙananan yara da ba su isa shiga firamare ba, horar da iyaye ake farawa da shi kafin a yi zancen ƙwaya. Wanda yake sha kuma in azumi ya gabato, ya tuntuɓi likitansa tun cikin Sha'aban a tsara masa lokaci.

Abin da za a fara yau

Ko an sami likita ko ba a samu ba, ga abin da ba ya cin ko sisi. In za ki aiki yaron, kira sunansa, ki dafa kafaɗarsa, ki ba shi saƙo ɗaya tak, ki sa ya maimaita miki. Ku ɗaure ayyukansa da lokutan salla: bayan asuba karatu, bayan la'asar ɗiban ruwa da wasa, bayan isha'i kwanciya, kullum haka. In ya yi daidai a yaba masa nan take, kada a jira sai ya yi laifi a san da shi. Malam, zaunar da shi kusa da kai nesa da ƙofa, rubuta masa aya biyu maimakon goma, in ya biya ka aike shi ya ɗebo ruwan wanke allo ya dawo. Motsin nan da kake ganin fitina ce, in ka ba shi aiki sai ya zama hidima.

Babba mai wannan hali, riƙe ɗan littafi ko ka sa waya ta riƙa tuna maka. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi ta sauka, don haka rubutawa ba gazawa ba ce. Ɗauki wuridi kaɗan da za ka iya dawwama a kansa, domin aikin da Allah Ya fi so shi ne mai ɗorewa ko da kaɗan ne. In fushi ya taso, sunna ta koya mana yin shiru, da zama in ana tsaye, da alwala. Ka bar wurin kafin bakinka ya furta saki, domin lalurar ba za ta dawo maka da igiyar da ka tsinka ba. Uwargida ko maigidan da ke zaune da irin wannan, ku sani mantuwarsa ba raini ba ce, ku taimaka da tunatarwa ba da gori ba.

Kuma ba dole kowane yaro ya zama alaramma ko likita ba. A cikin sahabbai akwai Abu Huraira mai hadda, akwai Zaidu ɗan Sabit mai alƙalami, akwai Abdurrahman ɗan Aufu ɗan kasuwa, akwai Khalid ɗan Walid na fagen fama. A tabbatar yaro ya san farillan addininsa, ya iya karatu da rubutu, sannan a duba inda Allah Ya ajiye baiwarsa, ko gyaran babur ne, ko ɗinki, ko kiwo, ko fatauci. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya nan a Ƙauran Namoda tun 1983, aikin hannu ma yana da makarantarsa.

Iyaye da malamai, yaron nan amana ce, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe ta. Daga yau a ajiye bulala a ɗauki lura. A daina zaginsa, a kai shi a duba lafiyarsa, a yi masa addu'ar shiriya da sunansa yana ji. Wanda ya saurari wannan shiri ya isar wa maƙwabcinsa da bai ji ba. Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.